Ofis a Kan Keken Ɗinki

Ranar da aka kulle Izmir
na fito daga ofis da kwamfuta a hammata
kamar wanda ya sato ɗan akuya,
igiyoyinta na jan ƙasa a bayana.
Mai gadi ya ɗaga min hannu daga nesa.
Sai yaushe? Bai sani ba. Ni ma haka.

Gidanmu ɗaki biyu ne, a hawa na huɗu.
Şükran ta riga ni kama teburin kicin,
yara talatin na jiran ta a cikin waya,
tana koya musu raba lamba
tsakanin butar shayi da kwandon albasa.
Na gwada gado, barci ya ci ni da yaƙi.
Na gwada katakon guga, ya durƙusa
tun kafin in gama ɗora masa gwiwar hannu.

Sai idona ya faɗa kan abin da ke lungu,
a lulluɓe tun rasuwar mahaifiyata:
keken ɗinkinta, baƙi, mai ƙafafun ƙarfe.
Na kifa kansa ciki, samansa ya zama fili.
Ina share ƙura ƙamshin man keke ya taso,
na tsaya jim, tsumma a hannu.

Ƙafa ɗaya ta gaza, na cusa mata kwalin magani.
Allo ya yi ƙasa, wuyana ya fara ƙorafi,
na ɗaga shi da ƙamus biyu da littafin girki.
Soket na can bayan kabad,
sai da na kwanta rub da ciki ina laluben bango.
Intanet kuwa baƙo ne mai kunya,
ba ya shigowa sai an bar masa ƙofa a buɗe.
A aljihun keken, inda na so ajiye caja,
na tarar da maɓallai, guntun alli, da awon kafaɗa
da rubutun hannunta: Nevzat, shekara tara.

Kullum da safe in sa riga mai kwala,
ƙasa wandon barci, wa zai gani?
Fuska goma sha biyu a akwati goma sha biyu.
Ba ma jin ka, Nevzat. Yanzu fa? Har yanzu.
Na ga labulen shugabanmu, na ga kyanwarsa.
Shekara takwas muna tare, ban san yana da kyanwa ba.

Da rana Şükran ta zura kwando ta taga,
mai kanti ya sa burodi da zaitun, ya ja baya,
mu janyo abincinmu kamar masu jan guga.
Can ƙasa jirgin fito na ratsa ruwa ba fasinja,
tsuntsayen teku na bin sa don sabo.

Ban san ranar da ƙafata ta sami fedar ba.
Ana lissafin inshorar kaya, ina takawa,
wili na juyawa a ƙarƙashin taro,
ba zare, ba allura, ba ƙyalle.

Ranar Talata akwatin Ferit ya yi tari.
Laraba ya kashe kyamara,
sunansa kawai ya rage a baƙin fili.
Bayan mako biyu muka zama goma sha ɗaya.
Sauran akwatunan suka matsa, suka cike gurbi,
na'ura ba ta ajiye wa kowa kujera.

Shugaba ya ce mu yi shiru na minti ɗaya.
Kowa ya rufe makirufo. Ni na manta.
Cikin gida goma, a unguwa goma,
aka ji shi yana tafiya:
tak-tak, tak-tak, tak-tak.
Gülsüm ta ce, ƙarar mece ce wannan?
Na ce, yi haƙuri, keken mahaifiyata ne.
Na ɗaga ƙafa.
Ta goge ido da bakin riga,
ta ce, a'a, ci gaba. Minti ɗayan bai cika ba.