Maki Uku

Ƙarfe biyu na dare a Aliero.
An ɗauke wuta tun bayan lisha.
Fitilar waya ta jingina da gwangwanin madara,
ni na jingina da shafi na ɗari uku da sha ɗaya,
inda ake koya wa mutum faɗin gaskiyar kuɗi
ba tare da ya shafa mata kwalli ba.

Sau biyu na shiga, sau biyu na fito.
Na fari, arba'in da ɗaya.
Na biyu, arba'in da bakwai.
Maki uku suka tsaya tsakanina da hatimin akanta,
uku rak, kamar duwatsun murhu,
kuma a kansu nake dahuwa wata shida ke nan.

Hagu ya ce: me ka mallaka?
Dama ya ce: na wane ne?
In ba su yi sulhu ba, babu barci.
Jiya dubu sha takwas ta ɓace mini a tsakaninsu,
na bi ta layi-layi
kamar mai cigiyar akuya ran kasuwar Jega.
Sai da ladan ya yi gyaran murya na gan ta:
ashe dubu tara ce, gidanta hagu,
na kai ta dama,
ta ninka kanta don ta rama.

Kulu ta juya, ta ja wa yaro zane,
ta ce, ido a rufe:
"Kamfanin nan da kake wa tsaki, wai akwai shi?"
Babu shi.
A takarda yake zaune,
da injinansa, da rassansa, da bashin da yake bin mutane,
na san ribarsa har kwabo,
ni kuwa kuɗin rajista
wajen Modi mai walda na ranto,
kuma bai nemi rasit ba.

Da hantsi na iske Baba Nomau bakin rudu
yana juya albasa,
yana tsame wadda ta yi ruwa.
Na ce: littafi ya ce kayan da ke ajiye,
a duba kuɗin da suka ci, a duba kuɗin da za su kawo,
a rubuta ƙaramin.
Ya shinshina guda, ya wurgar.
"Wanga abu shi ka hana ma kwana?
Buhu ɗari niz zuba da bazara,
amma saba'in nika ƙidaya.
Wanda duk yaƙ ƙidaya ɗari,
kainai yay yi ma ƙarya."
Shafi ashirin da biyu ke nan
ya gama mini kafin ya kai hannu ga buta.

Yanzu komai na kalla sai in ga darajarsa tana zaizayewa:
babur ɗina, shekara biyar, saura sulusi;
injin ban-ruwa;
idona na hagu.
Amma na bincika rahoton daga sama har ƙasa,
ban ga layin da ake sa haƙurin Kulu ba,
ko shayin da Sahabi ke zuba mini bashi
yana cewa, "Sai ka zama oga."
Littafi ya ce abin da ba ya aunuwa ba a shigar da shi.
To, na ji.
Na buɗe masu shafi a bayan littafin, da fensir.

Talata ce jarrabawa.
Litinin zan bi motar farko,
da kalkuleta biyu, don ɗayar tana da halin mutuwa,
da biro uku, da katin shaida a aljihun gaba.
Awa uku da 'yan mintoci za su ba ni.

Kafin nan, akwai wannan daren.
Batir saura kashi tara.
Iska ta kawo warin albasa ta taga.
Tambaya ta huɗu tana jirana da hannu a ƙugu.
Na fere fensir,
na ja layi tsakiyar takarda.
Hagu.
Dama.