Karo-karon Dariya

Ran Talata na ajiye aiki.
Shekara tara ina ƙirga kwantenoni
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
ja, shuɗi, ja, mai tsatsa,
har a mafarki nake ƙirga su,
kullum guda ya ɓace.

Babana Eleodoro bai ɗaga kai daga romon kifinsa ba.
Ya ce, "Ximena, wa ya taɓa kai dariya kanti
ya dawo da burodi?
Roƙo roƙo ne, ko an sa masa kwat."

Na jingina waya da gwangwanin madara,
na ɗaure fitila a ƙofar kabad,
na ari gashin bakin roba wurin yaron maƙwabta.
Na zama shugaban kwastan mai tsoron kyanwa.
Na zama kyanwar.
Na zama tsohuwar da ke ciniki da tsuntsun teku
a kan wutsiyar kifi, tsuntsun ya ƙi sallamawa.
A ƙarshen kowane bidiyo sai in ɓalle gashin bakin
in yi magana da muryata ta ainihi,
ita ce ke rawa:
in na ba ka dariya, sa hannu a karo-karon nan,
ko nawa ne, wata-wata.

Watan farko mutum goma sha ɗaya.
Uku dangi ne, ɗaya kuskure ya yi,
ya rubuto in mayar masa.

An ce da yayyafi kogi kan cika,
amma mai gidan haya ba ya shan yayyafi.
Na sayar da takalman ofis.
Na koyi cewa taliya da gishiri abinci ne
in an ci a tsaye, da sauri.

Sannu sunaye suka fara taruwa.
Fresia, nas mai aikin dare a Temuco,
ta ce ni take kallo a ɗakin ajiye magani, ta toshe baki.
Aníbal mai tuƙa tirela a hamadar arewa
ya ce kyanwar ta hana shi gyangyaɗi.
Wata mai sharar ofisoshi a Sweden
tana aiko kuɗi da kalma ɗaya: gida.
Ɗari da arba'in. Ɗari biyu da shida.
Na koma ƙirga, ashe,
sai dai waɗannan kwantenonin suna numfashi.

Ba wanda ya gaya mini
akwai ranar da zan tashi ba ko ɗigon raha a jikina,
ga mutum ɗari biyu sun riga sun biya.
Ranar na manna gashin bakin a karkace,
na yi ɗauka sau ashirin da bakwai,
na wanke fuska, na sake.
Wannan bidiyon suka fi so.
Har yau ban san abin da zan yi da wannan ba.

A jerin akwai wani marar suna.
Ba hoto, ba saƙo, bai taɓa makara ba.
Kuɗinsa ba cikakken adadi ba ne,
yana da 'yar wutsiyar canji da ta dame ni,
har ran da na tsaya gindin tudunmu
gaban tsohon keken ƙarfen da ke hawa da mu unguwa,
na lissafa kuɗin hawa na kwana talatin.
Ya yi daidai, har wutsiyar.

Na ɗaga kai.
Can a matakala, wajen ta saba'in,
wani tsoho riƙe da ledar kifi
ya dafa bango yana haki.

Da dare na ce, "Baba, ka daina shiga keken ne?"
Ya ce, "Likita ya ce in motsa ƙafa."
Ya kurɓi romo.
Ya ce, "Kyanwar nan taki, kunnenta na hagu ya faɗi.
A gyara."