Mai Ƙahon Rago

Likita Oyelaran ta kwance abin awo daga damtsena,
ta dubi lambar, ta dubi tumbina,
ta ce, "Alhaji, jininka yana gudu,
kai kuma kana zaune."
Ban musa ba.
Shekara goma sha tara a benci ɗaya,
ƙarƙashin wata rumfa a Ikeja,
ina lasar yatsa ina ƙirga kuɗin mutane.
Yatsu da baki, su kaɗai ke motsi a jikina.

Ran Asabar na nufi Oyingbo.
Shagon Okwudili ba ya cin mutum uku,
kekuna rataye a sama kamar naman layya,
warin baƙin mai, warin kwantena, warin teku.
Ya sauko da wani shuɗi.
Ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago,
tayoyin sirara kamar sun yi jinya,
sirdin bai kai tafin hannuna ba.
Na ɗaga shi da yatsu biyu.
Na ce, "To, a ina zan zauna?"
Ya ce, "Ai ba zama ka zo saya ba."

Ya yanka dubu ɗari da tamanin.
Na yi dariyarmu ta 'yan canji,
na nuna masa tsatsa a bayan sarƙa,
da birkin baya mai kukan ɓera,
na juya ina ƙirga taku.
A na biyar ya kira ni.
Ɗari da ashirin, haɗe da famfo
da hular kwano mai 'yar tsaga a gefe.

A gida, ina goge shi da tsohuwar singileti,
sai ga suna an kankara da ƙusa a jikin ƙarfen,
haruffa shida, harshena ya kasa juya su.
Fenti ya koɗe daidai inda gwiwarsa ke goga.
Wane ne shi? A wace ƙasar sanyi?
Gajiya ya yi, ko sabo ya samu,
ko magada ne suka share ɗaki?
Na daɗe tsugune da tsumma a hannu.

Saratu ta leƙo daga madafa:
"Mai jika biyu, za a sa wandon roba?"
Na ce da wandon kaftanina zan hau,
in ɗaure ƙafarsa da robar ɗaurin kuɗi.

Bayan asuba, kafin Agege ta gama farkawa, na hau.
Rabona da keke tun na babana a Gumel,
baƙi, mai nauyin jaki,
wanda nake zura ƙafa ta ƙarƙashin sandarsa.
Ƙafa ba ta manta ba.
Huhu ne ya manta.
Danfo ya shafe ni da iska,
kwandasta ya jefo min magana da Yarbanci,
na gode Allah rabinta kawai na ji.
Kowane rami sai da ya gaisa da ƙashin bayana.
A gindin gada na sauka, na tura,
ƙamshin burodi mai zafi yana bina kamar mai bin bashi.

Baba Mufu ya tare ni a bakin ƙofa,
ya kama hannuna, ya rage murya:
"Alhaji, in kasuwa ce ta juya, kada ka ɓoye min.
Ina motar?"
Na nuna masa ita, lulluɓe da tamfol.
Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.
Da yamma matarsa ta aiko da kwano a rufe.
Na ci rabi, saboda likita.

Yau sati na biyar.
Na haye gadar ban sauka ba.
A samanta na tsaya don kaina, ba don huhu ba,
jirgin ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashina,
gumi yana shiga min ido.
Da na sunkuya na ga gwiwata
tana goga daidai wurin da tasa ta koɗe.
Ashe tsayinmu ɗaya.