Gidan da Ya Koyi Tafiya

Ƙarfe biyun dare a Baldibiya, ruwan sama bai gaji ba.
Ni da na'ura muke gadi:
ita tana ɗaukar hoto duk bayan minti goma,
ni ina kurɓar shayin da ya huce tun ɗazu.
A jikin gilashin an rubuta arba'in da bakwai.
Lamba ce, haka doka ta ce,
amma daga ƙirjin wata aka yanko ta ranar Talata.

A tsibirinmu na Ciloye gida yakan tashi.
Babana Aladino kafinta ne, shi ake kira.
Ya cire tagogi, ya gicciya katako a ciki,
ya zare ƙusoshin da suka ɗaure gida da ƙasa,
a shimfiɗa gungume biyu, a kira gayya,
takarkarai goma sha biyu su ja,
gida ya gangara bakin teku da labulensa.
Yakan ce min, Nelda,
gida ba ya tafiya da haƙarƙarin da ya zauna da shi,
sai an sake masa wani.

Yau ga shi a ƙarƙashin madubi.
Ƙwayoyin halitta sun jeru kafaɗa da kafaɗa,
kowacce riƙe da hannun maƙwabciyarta.
Kadirin muke kiran wannan riƙon.
Sai ɗaya a gefe ta sassauta yatsu.
Ba faɗa, ba sallama.
Ta sauke keratin, azarar zaman lafiya,
ta ɗaura bimentin mai lanƙwasa kamar ɗanyen reshe.
Aktin ya taru a goshinta, zare bisa zare,
yana gini a gaba, yana rushewa a baya,
har fatarta ta miƙa ƙafar da ba a haife ta da ita ba.

Na shafa masa kore don in gan shi.
Kaico, yana da kyau.
Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kolajin da ya kamata ya zama shinge
ta tsefe shi, ta miƙar da shi,
ya koma gungumen da za ta zame a kai.
Ƙofa ta yi mata ƙanƙanta,
ta matse cibiyarta kamar mai shigar da kabad ta lungu,
ta wuce.
Can gaba jijiya ce, jijiya kuwa kogi ce,
kogi bai tambayi kwalekwale inda za shi ba.

Na goggota Edubihis a ƙugu ya sauka.
Shekara shida bayan an ce an gama,
tana saƙa rigar ulu ta ce kujerar ce ba daɗi.
Muka sauya mata kujera har sau uku.

Abin da ke hana ni barci,
ba baƙon katako aka shigo da shi ba.
Da wannan aktin ɗin yankan da ke yatsana yake rufewa,
da shi na ratsa duhun cikin uwata na zama mutum.
Kafinta ɗaya ne, guduma ɗaya.
Wa zai kama hannunsa a nan
ya bar masa hannu a can?

Da safe Farfesa Oyarso za ta ɗiga magani a rami na huɗu.
Wataƙila ƙafar ta sandare.
Ta taɓa sandarewa bara, muka yi tafi, muka sayi kek,
sannan ɓeraye suka ce mana ba haka ba.
Faranti dai ba mace ba ne.

Na'ura ta yi ƙyas. Hoto na tamanin da ɗaya.
Ta matsa tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba.
Na ɗauki alƙalami na rubuta nisan,
na rubuta lokacin,
na tashi in sake ɗora ruwan zafi.