Magagari da Ƙanƙara

Kamyon Tankari ya mutu bayan la'asar,
gaba da Tabalak, a wani fili marar suna.
Ruwan marka ya gama dukanmu ya wuce,
ya bar mu mu shida da buhunan sukari.

Ashanar Nomau ta jiƙe cikin aljihu,
kawunanta sun narke kamar lalle a tafi.
Mushe Jadi ya ɗaga tabarau yana neman rana,
ita ko ta riga ta shige ɗaki.
Batir fa? In ji wani.
Tankari ya yi tsaki:
ai shi ne gawar da muke zaman makokinta.

Jikan Inna Tsahara na rawar mazari cikin zane,
haƙoransa na ƙirga sanyi.
Ta ce, da da ruwan zafi, ga ganyen sabara.
Ba wanda ya dubi wani.

Ni ɗan maƙera ne, ban taɓa gaya musu ba.
Ƙyastun babana, mai ƴar jakar fata ja,
na sayar a Yamai, shekarar da ya rasu,
jika biyar, ga wani mai tara kayan da.
Na sayi takalmi.
Takalmin bai ga damina biyu ba.

Na zazzage akwatin ƙarfen mota,
na sami guntun magagari, rabi tsatsa.
Na bi ƙorama da lalube, ina gwada duwatsu,
wannan bebe, wannan bebe,
har farar ƙanƙara ta amsa da ƙas!

Tumfafiya ba ta ba kowa kunya a daji.
Na fasa ƴaƴanta uku, ciki a bushe,
audugarta sumul kamar furfurar tsohuwa.
Na murza ta da baƙin bututun hayaƙi,
na ciro tsohuwar sheƙa daga kogon aduwa,
da kashin jaki huɗu da ruwa bai gani ba
ƙarƙashin gada.

Na buga. Ba kome.
Na buga, na buga, na fasa ɗan yatsa.
Nomau ya ce, yaro, bar wahalar da dutse.

Nan na ji shi, ba a kunne ba, a wuyan hannu:
Arzika, kana dukansa kamar kana binsa bashi?
Ba duka ba ne, aski ne.
Gicciya ƙarfen. Sassauta kafaɗa.

Na gicciya.
Tartsatsi uku suka fita yawo suka ɓata,
na huɗu ya zauna.
Ja, bai kai ƙwayar gero ba.

Kowa ya riƙe numfashi, har Tankari mai surutu.
Na duƙa na hura,
yadda uwa kan hure ƙasa daga idon ɗanta,
kaɗan, a dakata, kaɗan.
Hayaƙi ya fito fari, ya yi kauri, ya cije ni a ido,
sai ga ta, fal, tsaye cikin tafina.

Muka ciyar da ita kamar marainiya,
tsinke, sannan kara, sannan ƙirare,
jiƙaƙƙun itace na gefe suna jiran layi.
Gwangwanin tumatir ya zama tukunya.
Yaron ya kurɓa, ya yi gumi, ya yi barci.
Muka huda buhu ɗaya, Allah ya yafe mu,
shayin daren nan ya sha sukarin mutane.

Inna Tsahara ta dube ni ta cikin hayaƙi:
wa ya koya maka?
Na ce, wani tsoho a Barmu.
Ta ce, yana da rai?
Na tura itace, na ce iskar ta juyo.

Yau ashana kwali biyu nake ɗauka, cikin leda.
Dutsen ma na nan,
ya huda mini aljihu uku.