Gwangwanin Baba Jatau

Ran da muka kwashe kayan Baba Jatau
a ɗakinsa na Garwa, bayan sadakar arba'in,
ƙarƙashin gado muka ci karo da gwangwanin madara,
nauyinsa kamar an ɗura masa tsakuwar Binuwai.

Kuɗi ne, amma ba wanda zai saya maka ƙosai.
Anini mai huda da ya ƙetaro daga Yola a aljihun wani,
liyari biyu na azurfa masu hoton matar nan mai haɓa biyu,
wata dala da ta suɗe har ba a gane gabanta da bayanta,
sai hamsin guda, naɗe cikin ƙyallen rawani,
gwanki uku sun jera kai a kanta,
ga ranar da ƙasa ta karɓi 'yanci a rubuce.

Yayata Tabawa ba ta iya ganin dauɗa ta yi barci.
Ta kwana tana dirzar liyari ɗaya da toka da lemon tsami,
gari ya waye yana walƙiya kamar idon mage.

Ran Laraba Mushe Kamga ya sauka daga Duwala
da gilashi mai ido ɗaya, da ɗan sikeli a aljihun gaba.
Ba ya taɓa fuskar kuɗi,
ta gefe yake kamawa, kamar mai ɗaukar garwashi.
Ya daɗe a kan liyarin nan mai ƙyalli.
"Wa ya wanke wannan?"
Tabawa ta gyara zama, tana jiran yabo.
"Hajiya, shekarunsa kika kankare.
Rabin kuɗinsa ya bi ruwan tokar."

Ya shimfiɗa baƙin yadi, ya shiga yanke hukunci.
Wannan ya sha hannu.
Wannan da sauran gashi a kan matar, a ajiye shi dama.
Da ya warware ƙyallen rawani sai ya yi shiru,
ya ƙirga layukan ƙahon gwanki ɗaya bayan ɗaya.
"Wannan ba ta taɓa zuwa kasuwa ba.
Ba ta sayi gishiri ba, ba ta biya bashin kowa ba.
Ita ce sarauniyar gwangwanin."

Dalar kuwa da bayan farce ya ture ta.
"Ko kyauta."

Ni na san dalar nan.
Ita aka fara miƙa wa Baba ran da ya soma fito,
yana yaro, jirgin aro, wata mai kifi da kwandonta.
Bai kashe ta ba.
In ruwa ya cika ya hana aiki, ita yake murzawa,
in an kai ɗayanmu asibiti, ita yake murzawa,
shekara hamsin da wani abu tsakanin babban yatsa da manuni,
har rubutun ya gaji ya koma cikin fatarsa.

Mun sayar da sarauniyar.
Kwano takwas ta saya, ɗakin Inna ya daina yoyo.
Tabawa har yau ba ta gaisa da lemon tsami.

Dalar tana aljihuna na hagu.
Akwai ɗan kwari a tsakiyarta, wanda gilashin bai gani ba.
Jiya a layin asibiti na sa yatsa a wurin,
ya zauna daidai.