Kwalbar Kaka Gergina

Daga duwatsun Rodopi na ɗauko ta,
naɗe cikin safar ulu, a ƙasan jaka.
Bas na gangara, yana karkata,
hannuna bai bar murfin ba
har muka shiga Plovdiv da almuru.

Kaka ta ce aro ne, ba kyauta ba.
Cokali uku na kindirmon tumaki,
irin da ta gada wurin uwarta,
wanda bai taɓa yankewa a gidan ba,
ko a shekarar da ƙanƙara ta toshe hanya
tumaki sha ɗaya suka mutu a garke.
Ba ta da ma'aunin zafi.
Ƙaramin yatsa take tsomawa a madara
ta ƙirga goma; in ya jure, ta zuba iri,
ta lulluɓe tukunya da rigar sanyin marigayi,
ta hana kowa buga ƙofa har asuba.

A ɗakin gwaji babu rigar kowa.
Farantan gilashi ne, da fitila mai fari fat.
Na shuka masu sa gudawa a kan ɗaya,
waɗanda ke murɗa cikin yaro da tsakar dare
su bar shi ido ya zurma, leɓe ya bushe.
Na huda gurbi a tsakiya,
na ɗiga abin da na reno daga kwalbar,
na rufe, na tafi gida, barci ya ƙi zuwa.

Da safe sun cika farantin maƙil,
sun yi dafifi kamar ranar kasuwa,
sai dai kewayen gurbin nan:
wani zobe fes,
fili wanda ko ɗayansu bai taka ba.
Milimita sha huɗu.
Sau uku na auna, hannuna na rawa.

A madubi na gan su, 'yan sanduna sirara,
babu ƙaho, babu farce.
Zaƙin madara suke ci su mai da shi tsami,
tsamin ya hana baƙo wurin shimfiɗa.
Su kama bangon hanji su zauna daram,
don sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.
A raina allura? Ƙarfe ce.

Dakta Harizanov ya leƙa ta saman tabarau.
Ya ce, Nevyana, faranti ba ciki ba ne.
Akwai kogin tumbi mai narka nama,
bayansa ɗacin matsarmama na jira.
Ki tura su can tukuna, mu ga mai dawowa.

Na tura.
Iri arba'in da ɗaya na ware, kowa da lambarsa.
Tumbin kwalba ya cinye ashirin da shida.
Matsarmama ta ɗauki sha biyu.
Uku suka fito da rai,
kuma ko su ban san abin da za su yi
a cikin mutum mai numfashi ba.
Na rubuta hakan a littafi, ban ƙara gishiri ba.

Da dare na kira ƙauye.
Na ba ta labarin zoben, da ukun da suka tsira,
na ce wata rana, watakila, in an dace...
Ina jin karar itace a murhunta,
da kyanwa tana kuka a bakin ƙofa.
Ta yi shiru, har na zaci layi ya yanke.

Ta ce, kin ba su madara kuwa?
Ba sa son kwana uku da yunwa.
In za ki zo ran Asabar ki taho da kwalbata,
kar ki wanke ta da sabulu.
Da safar. Ɗayar tana nan ita kaɗai.